Taurarin Cikin Kafet

Mijina ba ya dawowa gida hannu rabbana. Mazan mutane tsaraba suke riƙowa, nawa kuwa tarkacen asibiti yake kwaso mini: kwalayen da aka juye magani, jarkokin da suka ƙare, har da wata kujera mai ƙafa uku da ya rantse zai kai wa kafinta, tana nan a bayan ƙofa har yau. Haka suke yi a wurin aikinsu. Duk abin da asibiti ya gaji da shi, kafin ya isa bola ma'aikata sun rabe shi. Shi ne mai sayo wa asibitin kaya, tun daga auduga har gadon haihuwa, don haka kowa a can Mai Oda yake ce masa. Ni Baban Aku nake ce masa, in ya ɓata mini rai kuma ya koma "malam".

Aku ita ce 'yarmu, ita kaɗai Allah Ya ba mu. Kakarta ce ta laƙaba mata sunan, don tun kafin ta iya tafiya ta iya surutu. Ni tela ce, kekena yana falo, a gindina take wuni tana ba keken labari, tana yi wa masu kawo ɗinki tambayoyin da babba zai ji kunyar yi. Ta taɓa tambayar wata mata yaushe za ta haihu, alhali baiwar Allah ƙiba ce kawai take damunta. Na ɗinka mata 'yar tsana da ragowar ƙyallaye, da ɗan aljihu a gaba, ba ta barci sai da ita.

Aku tana cikin shekara ta huɗu babanta ya ɗauko wani yaƙi a asibiti. Tsofaffin abubuwan awon hawan jini yake so a daina saye, waɗannan masu akwatin ƙarfe da dogon bututun gilashi. A cikin bututun akwai zaiba, ruwan nan mai kama da narkakkiyar azurfa da yake hawa yana sauka in ana matsa hannun mutum. Ya ce guba ce. In ta zube ba ta bushewa, sai ta yi ta tashi cikin iska, ba wari ba hayaƙi, mutane suna shaƙa. In an kai bola an ƙona kuma, unguwa ce za ta sha. Masu batir yake so a sayo. Kullum ya dawo sai ya cika mini kunne da zancen, ni kuma ina taka keke ina cewa "uhm". Babbar mai adawa da shi ita ce Sista Babba, shugabar nas-nas ta ɗakin yara, wadda ta kafe kai da fata cewa abin batir ƙarya yake yi. Daga ƙarshe kwamiti ya goyi bayansa. Ranar ya dawo baki har kunne, ya ce ya sa an bi ɗaki ɗaki an tattaro tsofaffin, an jibge su a ƙuryar sito kafin masu kwashe irin wannan guba su zo.

Ba a daɗe ba sai ga shi da kafet a saman mota, naɗe, an ɗaure da igiya.

"Malam, wannan kuma sharar ina ce?"

"Shara? Zo ki taɓa ki ji. Na ƙuryar sito ne, an kafa kantoci za a yi wa ƙasan fenti, aka ce a fitar da shi. Da ban yi sauri ba direba zai ɗauke."

Gaskiya kafet ne mai kyau, ruwan toka, mai gashi, ƙafa tana nutsewa a ciki. Na nemi aibu in yi masa tsiya na rasa. Muka shimfiɗa a falo, daidai gindin kekena. Aku ta yi ta birgima a kai tana ihu, daga ranar ya zama gidanta. A kai take ci, a kai take barcin rana, ta kifa fuska ta rungume 'yar tsanarta. Lokacin sauro ne, tagogi a rufe suke yawancin lokaci.

Wata rana ina ɗinka rigar amarya ta ce, "Mama, akwai taurari a cikin kafet, suna gudu."

Ban ko ɗago ba. Gidan tela ba ya rabuwa da ƙyalli, ga duwatsun ado ga ƙananan maɓallai, kullum cikin zubewa suke. Na ce, "To, ki tsince mini kar su shiga ƙafarki." Da yamma na sa tsintsiya na share kamar yadda nake yi kullum.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Abinci ta fara turewa. Daga nan sai zufa, ta jiƙe riga sharkaf ko da fanka tana kanta. Sai ƙyuya da kuka ba dalili, yarinyar da ko faɗuwa ta yi dariya take yi. Na ce shawara ce, babanta ya ce zazzaɓin sauro ne, aka yi gwaji ba a ga komai ba. Aka ba ta maganin tsutsar ciki. Tafin hannunta da na ƙafarta suka yi jawur, suka kumbura, fata ta fara saɓulewa a yatsu. In na buɗe labule sai ta ƙwalla ƙara ta cusa fuska cikin kafet, wai haske yana cizonta. Ni ma a kwanakin na lura zare yana ƙin shiga mini allura, hannuna yana ɗan rawa, na ɗauka rashin barci ne.

Abin da ya fi kaɗa mini hanta shi ne shirun. Surutun ya yi ta raguwa, daga labari ya koma kalma ɗaya ɗaya, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Sai in tsayar da keke in saurara, in ji falo tsit. Ban taɓa sanin ina tsoron shiru ba sai lokacin. Ranar da na ce "Aku, wa ya fi kowa kyau a gidan nan?" ta dube ni kawai yawu yana dalala a haɓarta, na goya ta, na ɗauki 'yar tsanar, ban ko rufe keke ba na nufi asibitin babanta.

Aka ba mu gado a ɗakin yara, kusa da bango. Likitan yaran mutum ne mai sanyin magana, ya duba ido, ya duba baki, ya juya tafin hannunta ya daɗe yana kallo. Ya ce a auna jininta. Wata nas ta naɗa mata ɗan madaurin a dantse, ta danna sabon abin batir ɗin, ya yi ƙugi ya tsaya. Ta duba, ta sake dannawa. Ta sauya hannu. Sai ta fita, ta dawo da Sista Babba.

Sista Babba ta gyara tabarau ta dubi lambobin, ta ja tsaki.

"Wannan ai jinin tsoho ne mai fama da hawan jini. A jikin yarinya ƙarama? Na faɗa tun farko, wannan abin wasan yara ne. A kira mini Mai Oda."

Ya zo yana haki, katin aikinsa yana lilo a wuya. Ba ta raga masa ba don 'yarsa ce a kwance.

"Ga kayanka nan da ka sayo mana. Yanzu likita zai ba 'yarka maganin hawan jini a kan maganar batir? In ƙarya yake yi jininta ya faɗi ƙasa fa? Je ka ɗauko mini tsohon nawa, in ji da kunnena in gani da idona."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi Aku, ya rufe. Ni ma a lokacin bayan Sista nake. Addu'a nake yi Allah Ya sa na'urar ce ta lalace, Allah Ya sa mijina ne ya sayo kayan banza. Na ce, "Baban Aku, don Allah je ka ɗauko."

Ya tafi, shiru shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sista ta leƙa ƙofa ta dawo, ta sake leƙawa. Raina ya ɓaci, na bar wa nas ɗin Aku na bi shi. Siton yana can baya, bayan ɗakin wanki, sai an wuce ta wani lungu mai warin sabulu da danshi. Na tura ƙofa ina shirya abin da zan faɗa masa.

A ƙurya na same shi, durƙushe a kan sabon fenti. Ya sauko da akwatunan ƙarfen daga kanta ya bubbuɗe, sun kewaye shi. Yana riƙe da ɗaya, ya ɗaga shi saitin taga yana karkatawa.

"Malam, ana can ana jiranka kai kana nan kana wasa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Babu komai a ciki."

"Kamar yaya?"

"Zaibar. Babu. Wannan babu, wancan ma babu." Ya nuna da yatsa. "Akwai ɗan makulli a gindin bututun. Kafin a ajiye sai an karkata ta koma ma'ajinta, a rufe. Masu kwasowa ba su rufe ba, haka suka jibge su, wasu a kife wasu a kwance. Ban duba ba, Maman Aku. Ban duba ba."

Ni har lokacin ban gane ba. Na ce, "To ka nemi mai ita mana. In ta zube ai ta zube."

Sai ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, duk ta zazzago, zufa tana bin gemunsa. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan da aka yi wa fenti.

"A nan aka jibge su. A kan kafet."

Na dafa kanta. Duk zancen da ya yi ta cika mini kunne da shi ina cewa "uhm" ya dawo mini tiryan-tiryan: ba ta bushewa, ba wari, ba hayaƙi. Na ga Aku ta kifa fuska tana barcin rana. Na ga kaina da tsintsiya. Na ce, "Ta ce mini akwai taurari, suna gudu."

Ya ajiye akwatin ya fita da gudu, ni ina bin sa. Ban taɓa ganin babban mutum yana gudu a asibiti ba tare da gadon mara lafiya a gabansa ba.

Likita ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Ya koma ya sake juya tafin hannun Aku, ya ce yanzu komai ya haɗu: jan tafi, zufa, gudun haske, da hawan jinin. Ya ce na'urar gaskiya ta faɗa. Sista Babba da kanta ta je ta haɗo maganin, ta zauna a bakin gado tana lallashin Aku ta haɗiye. Aka ɗauki fitsarin yarinyar za a aika gwaji, aka ce ni ma in bayar da nawa, shi ma haka.

"Likita, za ta warke?"

"Akwai maganin da yake janyo gubar ta fita ta fitsari, a hankali. Za mu fara. Abu na farko shi ne kada ta ƙara kusantar abin."

"Maganar fa? Za ta dawo?"

Ya ce, "Ina sa rai. Amma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Da rana tsaka muka je gida tare da wasu mutum biyu daga sashen tsaftar asibiti, sun rufe baki da hanci, sun sa safar hannu. Suka hana ni shiga, na tsaya a bakin ƙofar falona kamar baƙuwa. Ɗaya ya ja labule, ya kwantar da tocila a ƙasa ya haska gefe, ɗayan ya ɗaga bakin kafet a hankali. Sai ga su. Ƙanana ƙanana, wasu kamar kan allura, wasu sun kai ƙwayar gero, sun cika ƙasan suna ƙyalli. Kafet ɗin ya ɗan motsa suka gangara, biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Abin haushi, kyau gare su. Na gane dalilin da ya sa yarinya za ta so su.

Suka yayyanka kafet ɗin suka ƙulle a manyan ledoji. Suka haɗa da tsintsiyata, da matasan kujera, da takalmanmu, da yadin mutane da yake ƙasa, har da rigar amaryar. Suka buɗe tagogi suka ce kada a kwana a gidan sai sun sake aunawa. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko, ba wanda ya matso. Baban Aku yana tsaye a jikin mota, hannu a ka.

A hanyar komawa na wanke shi tas. Na ce shi da ya fi kowa sanin gubar, shi da ya hana asibiti sukuni a kanta, shi ne ya naɗo ta a saman mota ya kawo wa 'yarsa. Na ce ya ceci 'ya'yan mutane ya kashe tasa. Na san maganar ta yi nauyi, na kuma faɗa. Tuƙi kawai yake yi hawaye suna sauka a rigarsa. Da ya rama da na fi samun sauƙi.

Sakamako ya fito, na Aku ya yi sama sosai, nawa ya bi baya, nasa kaɗan. Aka fara ba mu magani. Ni cikin ɗan lokaci rawar hannun ta lafa. Aku kuwa shiru. Jan tafin ya ɗan ragu ya sake dawowa, zufar tana nan, jinin ya sauka ya sake hawa. Tana kwance fuska a bango, ta cusa 'yar tsanarta a ƙarƙashin haɓa, in nas ta zo gyara gado ta ƙanƙame ta ba mai iya ɓanɓarewa. Likita ya fara tsayawa a kanta fiye da da. Na ji yana ce wa Sista Babba, "Ya kamata a ce ta fi haka sauƙi yanzu." Ya tambaye ni ko mun kawo wani abu daga falon, bargo ko tabarma. Na ce babu, ko kayan sawarta sababbi Yayata ta sayo mata.

Tsoro ya kama ni. In yaron gadon kusa ya yi wa uwarsa rigima sai in ji ina kishinta. Baban Aku kuwa ya daina shigowa sosai. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya leƙo, ya ajiye abin da ya kawo a kan benci ya koma. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sista Babba ce wata safiya ta kamo hannunsa ta jawo shi ciki.

"Mai Oda, shigo ka zauna kusa da 'yarka. Tsayuwar ƙofa ba ta warkar da kowa."

Ya zauna a bakin gado a ɗarare, kamar wanda ya zo gidan surukai. Ya sa yatsa ɗaya ya shafa bayan hannun Aku inda fata ta saɓule. Ya ce, "Aku. Akun Baba."

Ta juyo a hankali. Ta daɗe tana kallonsa da ido a kankance. Leɓenta ya motsa, na riƙe numfashi.

"Baba."

Muryar a dishe take, amma tata ce. Na toshe bakina da mayafi. Sista Babba ta ce "Alhamdulillahi" a hankali.

"Na'am, uwata. Na'am."

"Na ajiye maka."

"Me kika ajiye mini?"

Ta sassauta riƙon 'yar tsanar, ta cusa yatsunta masu ciwo cikin ɗan aljihun da na ɗinka da hannuna. Ta zaro ɗan gwangwanin da nake zuba ƙananan maɓallai, wanda na neme shi na rasa, mai murfin da ba ya rufuwa da kyau. Ta girgiza shi kusa da kunnenta, ya yi wani ɗan sauti mai nauyi. Ta miƙa masa tana ƙoƙarin murmushi.

"Taurari. Mama ta ce in tsince. Kar ka bari su gudu."

Ba wanda ya motsa. Duk kwanakin nan abin yana ƙarƙashin hancinta, a kan gadon asibiti, ni ce kuma nake gyara mata 'yar tsanar in ta zame. Sista Babba ta ce da nas, ƙasa ƙasa, "Buɗe tagogi. A gangara da sauran yaran zuwa wancan ɗakin."

Baban Aku ya tara hannu biyu.

"Na gode, uwata. Sa mini a nan, a hankali."

Ta ɗora masa. Ya rufe da ɗaya tafin. Sista ta buɗe leda ya saka, ta ƙulle, ta buɗe wata.

"Har da 'yar tsanar," in ji ta.

Ni na ɓanɓare yatsun Aku ɗaya bayan ɗaya. Da ta gane abin da ake yi sai ta ƙwalla ƙarar da ta cika ɗakin.

"Tawa ce! Mama, tawa ce! Baba, ba ni kayana! Ɓarawo! Zan gaya wa Kaka!"

Ya miƙe da ledojin a gabansa, yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwan zafi. Bai waiwayo ba, na san in ya waiwayo ba zai iya fita ba. Na rungume ta tana dukan ƙirjina da hannuwan nan jajaye, tana zagin babanta, tana lissafa duk wanda za ta kai wa ƙara, har da keken ɗinki. Nas ta matso za ta lallashe ta ta yi shiru, na ɗaga mata hannu.

"Ƙyale ta," na ce. "Bar ta ta yi ta faɗa."